Binnen da Aka Yi a Kan Maganata

Ƙarfe shida da minti goma na safiyar Talata, a ƙofar masallacin unguwarmu, mu huɗu muka rage a kan tabarma: ni Shaibu, da Liman, da taubashina Nomau, da Mushe Idi, direktan lakwal, wato shugaban makarantar bokon garinmu (Mushe laƙabin malamin boko ne a wajenmu). Garin namu ƙarami ne, a ƙasar Babankatami, a gindin dutse. Rana ba ta gama fitowa ba, amma zufa ta jiƙa mana riguna. Na fiddo salula daga aljihu, kamar yadda nake yi kowace safiya in bazara ta yi nisa.

Sai in fara da bayanin salular, don mai karatu ya gane. Ɗana Isuhu ne ya kawo mini ita daga Abijan shekarun baya, kuma ko a lokacin ba sabuwa ba ce. Daga baya ya sa mini wani abu a ciki, aplikasiyon suke ce masa, mai nuna ruwan kwana bakwai masu zuwa. In rana ce, hoton rana. In hadari ne, hoton gajimare da ɗigo ɗaya ko biyu ko uku, gwargwadon ruwan. Ba kyauta ba ne, Isuhu ke biyan abonma, wato kuɗin amfani da shi, daga can kowace shekara. Damana biyu muna bin sa, kuma sau da yawa yana dacewa. Tun ana zuwa kallo har aka koma zuwa tambaya. Nomau ya laƙaba mini Sarkin Hadari, sunan kuma ya bi ni.

“To, Sarkin Hadari,” in ji Nomau, “mi akwatin naka yac ce yau?”

“Alhamis,” na ce. “Ɗigo ukku.”

“Waccan Alhamis ma haka kac ce. Ko ta tsaya shan shayi Madawa, ba ta samu mota ba?”

Liman ya yi murmushi. Mushe Idi bai yi ba. Ya miƙo hannu.

“Baba Shaibu, ba ni in gani.”

Ya sa madubin idonsa, ya kai salular kusa da fuska, ya daɗe yana duba wani ɗan layi a can sama, wanda ni ban taɓa kula da shi ba. Ya latsa nan, ya latsa can. Sannan ya ɗago.

“Baba, wanga labari na ran Juma’a ne. Ba wadda ta wuce ba, ta gabanta. Kwana goma sha ɗaya ke nan abin ga bai motsa ba.”

“Rezo ne? Layi ne ba ta kamawa?”

“Ba rezo ba ne. Masu abin sun daina aiki da salula masu shekarun taka. Tana son mizajur, a sabunta ta ke nan, ita kuwa ba ta iya ɗauka. Abonma ɗinka na nan bai ƙare ba, amma sun ruhe maka ƙohwa. Hoton ƙarshe da ta samu, shi take ta gwada maka. Ba su aiko maka da wani saƙo ba?”

Sun aiko. Kamar wata guda da ya wuce wani rubutu ya fito, Faransanci ƙanana-ƙanana cike da fuskar salular. Na tsaya a aji shida, ina iya karantawa in na natsu. Ban natsu ba. Na ɗauka talla ce, na share.

Ga abin da aka yi a kan wannan hoton, bi da bi. Ran Asabar na faɗa wa jama’a ruwa mai yawa na zuwa Alhamis. Litinin, Talata da Laraba gida bakwai suka yi binne, wato suka zuba iri a busasshiyar ƙasa don ruwan ya tarar da shi a ciki. Har da gidana, har da na ƙanwata Rakiya, wadda mijinta ya rasu, take riƙe da jikoki huɗu. Alhamis ta zo ta wuce, ko gajimare babu. Na duba salula, na ga Alhamis tana nan da ɗigonta uku, na ce an ɗaga ne zuwa mai zuwa. A kan haka wasu gida tara suka sa gayya ran Laraba, wato washegarin wannan zaman namu.

Liman ya naɗe carbinsa.

“Shaibu, da bakinka anka ji. Da bakinka za a ji wannan ma. Ga azahar nan tahe.”

Suka tashi suka bar ni. Iska ta taso daga gabas, mai zafi, busasshiya, irin mai tsotse miyau a baki. Na san wannan iskar. Na taɓa shaƙar ta, ina da shekara goma sha bakwai, Rakiya tana da shida.

Gidanmu asali Arna ne. Kakanninmu sun kama salla da furfura a kai. Ƙanen kakana, Kaka Maidaji, shi ma yana salla a lokacin da na san shi, amma sanin sama da ƙasa da ya gada bai yar ba. Abu huɗu yake dubawa, ɗaya bayan ɗaya: ko gawo ya fara zubar da ganye, ko shamuwa ta sauka, ina iska ta fuskanta, da ko tururuwa na kwashe ƙwai zuwa tudu. Ba mai ɗaga sungumi a garin sai ya yi magana.

Damanar da ta gabaci waccan bazarar ba ta yi kyau ba. Tun kafin zafi ya kai tsakiya an fara share gindin rumbu. Yininmu kuwa ga yadda yake. Da asuba Inna da matan unguwa su tafi rijiyar kwari, su bi layi, su dawo da hantsi da tulu ɗai-ɗai, ruwan ja kamar an dama ƙasa. Mu maza mu je mu ta da saniya, don ta kai ba ta iya miƙewa da kanta: biyu su sa itace a ƙarƙashin ciki, ɗaya ya kama wutsiya. Da rana hura mai ruwa-ruwa, ludayi yana yawo. Daga azahar zuwa la’asar ba mai motsi, dutsen bayan gari yana huro wuta kamar bakin murhu. Da almuru tuwo, yau a yi gobe a tsallake.

Wata Juma’a Kaka Maidaji ya yi magana a ƙofar zaure. Ina wurin, na ji da kunnena.

“Shamuwa ta sauka. Gawo ya hwara zubda ganye. In iskar ga ta tsaya inda take, ku yi binne bayan kwana bakwai.”

Bayan kwana uku ya faɗi a bayan ɗaki. Aka ɗauko shi gefen dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta tafi. A cikin kwanakin nan iska ta juya ta koma gabas. Ba wanda ya kula. Mutane sun riƙe kwana bakwai, sun manta da sharaɗin da ya sa a gaba. Kullum ka ji ana cewa Kaka ya ce, Kaka ya ce, alhali Kaka yana kwance a rumfa ƙudaje na bin bakinsa.

A gidanmu iri a hannun mace yake. Baba ke zaɓen zangarniya a gona lokacin kaka, amma daga ranar da aka shigo da ita, Inna ce mai ita. Kuma ta gaji wata doka daga surukarta: in aka sussuke iri, a raba shi uku. Kashi na farko na shuka. Na biyu na gyara, inda bai fito ba. Na uku ba a taɓa shi sai hatsi ya kai gwiwa. A waccan shekarar Baba ya ce babu wannan. Irin kaɗan ne, gonar babba ce, ga kuma maganar Kaka.

“Ke A’i, hiddo shi dut.”

“Kashi biyu na nan, Malam,” in ji Inna. “Na ukku ƙwari sun ci.”

“Ƙwari? Cikin toka?”

“Sun ci.”

Ya dube ta, ta dubi ƙasa. Ya juya ya fita, don mutanen gayya sun fara taruwa a waje.

Muka fita mu kusan talatin, sungumi a kafaɗa, mata da ƙore a ka. Hanyar gona ta gaban rumfar Kaka take bi. Da ya gan mu sai ya ɗaga hannun hagu yana kaɗawa, yana wani gurnani, miyau na zuba. Manya suka rusuna.

“Amin, Kaka, amin. Allah shi ba ka lahiya.”

Muka wuce. Muka yini muna sara, mata na biye suna jefa iri suna rufewa da dunduniya. Ƙasar tana ƙona tafin ƙafa, sai ka riƙa ɗagawa kamar mai rawa. Kwana uku aka gama gonakin unguwa.

Kwana na shida bayan binne, da la’asar, hadari ya haɗu a gabas. Yara suka fito suna tsalle. Ya yi duhu, ya yi ƙugi, iska ta kwashe dannin gidaje. Abin da ya zubo kuwa bai cika ƙwarya a bakin indararo ba. Ƙamshin ƙasa ya tashi, mai daɗi, har yau ban ji ƙamshin da ya kai shi ba, kuma ban taɓa jin wanda ya cuce mu kamarsa ba. Baba ya je gona ya tona da yatsa. Danshi gaɓa biyu, ƙasansa gari. Ya isa ya ta da iri, bai isa ya riƙe shi ba.

Rana ta huɗu gona ta yi kore, layi-layi, siriri kamar allura. Rana ta bakwai tsiron ya fara naɗewa. Rana ta goma ka murza shi a hannu ya zama toka. Baba yana zuwa safe da yamma yana tsayawa a kansa.

Daga nan yunwa ta shigo sosai. Hatsin ci ya ƙare. Muka koma dussa, muka koma ganyen jiga, muka koma anza. Wanda bai san anza ba, ƴaƴan wani itace ne na kan dutse, masu ɗaci kamar maɗaciya. Sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin a dafa, ruwan kuma shi ne babu. Inna tana jiƙawa da rabin abin da ya kamata, ɗacin yana nan, muna haɗiyewa ba tauna. Ni da wani ƙanen Baba muka riƙa bin gidajen tururuwa muna tonawa, mu kwaso abin da suka tara, tsabar ciyawa da ɗan hatsi, Inna ta sheƙe ƙasar. Saniya ta mutu ran wata Lahadi, ba a samu abin kirki a jikinta ba.

Rakiya ce ta fi jin jiki. Anza ba ta zama mata a ciki. Da farko tana kuka, daga baya ta daina, wannan ya fi tayar mana da hankali. Gashinta ya yi ja, ƙafafu suka kumbura. Tana kwance a ɗakin Inna, a ƙasa, kusa da gado, idanu buɗe.

Mutane suka fara fita. Gida uku suka ɗaura kaya suka yi kudu, Najeriya. Wata rana da tsakar rana Baba ya shigo ya tsaya a tsakar gida.

“Ku ɗaure kaya. Jibi mu tahi. Ko ruwa ya zo yau, mi za mu sa ƙasa? Tsakuwa?”

Inna tana tsugune tana tsame anza. Ta ɗauraye hannu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, don ni ne ɗan fari, Babba take ce mini.

“Babba, ɗauko hauya. Jaye gadon ga.”

Na janye gadon, na matsar da Rakiya da tabarmarta. Inna ta nuna mini wuri. Na yi sara uku, hauya ta taɓa wani abu. Tulu ne, an liƙe bakinsa da yumɓu. Ta fasa liƙin da kanta. Toka a sama, a ƙasa hatsi, tsaba mai kyau, kashi na uku cif.

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba.

“Ƙwari sun ci, ko?”

“Na yi ƙarya, Malam. Allah shi gahurta min.”

“Ɗiyarki na mutuwa, kina kwance bisa hatsi? Kwana nawa? Kwana nawa, A’i?”

“Ni ka ba Kaka kunu,” in ji ta. “Tun kahin ku hita shina kama min hannu shina gwada min gabas. Ran da kunka wuce da sungumi, ba albarka shika sa muku ba. Koro ku shikai.”

“Kin sani, ba ki hwaɗa ba?”

“Na hwaɗa ma sau biyu. Kac ce mace mi ta sani ga hadari.”

Baba ya nuna tulun.

“Daka rabi. Yanzu.”

Inna ta zauna a kan bakin tulun. Zama sosai, ta tattara zane.

“Hannu guda,” ta ce. “Na yarinya. Kullum hannu guda, ita kaɗai. Wanda ka son hiye da haka shi ɗaga ni.”

Baba ya yi taku ɗaya. Ni kaina a lokacin ban san bayan wa nake ba, don ga yunwa, ga hatsi ina gani. Ya tsaya, ya dubi Rakiya, ya dubi Inna, ya juya ya fita. Ba a ƙara maganar tafiya ba.

Kwana tara muka yi a haka. Kowace safiya Inna ta debi hannu guda, ta daka a ƙaramin turmi a cikin ɗaki don kada maƙwabta su ji, ta dama kunu ta ba Rakiya da ludayi. Mu muna jin ƙamshin muna cin anza. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: rana ta biyar na shiga ɗakin Inna ba ta nan, na sa hannu a tulun. Na ji tsabar a yatsuna, sanyi. Rakiya tana kallona daga tabarma. Na zare hannu. Ba tsoron Allah ne ya hana ni ba, idonta ne.

Rana ta tara iska ta juyo daga kudu tun hantsi, mai laushi. Tururuwa suka fito da ƙwai a baka suna hawan bango. Bayan la’asar sama ta buɗe. Ruwa ya yi ta zuba har magariba, kwari ya cika, kwaɗi suka fara. Da gari ya waye Baba ya ɗauki sungumi. Inna ta ce a’a, ya je ya tona tukuna, ni kuma in bi shi in gani. Ya tona da hannu. Taƙi ɗaya, danshi. Ya ci gaba har hannunsa ya nutse zuwa gwiwar hannu, danshi. Muka dawo na faɗa mata. Sannan ta tashi daga kan tulun.

Labari ya bazu kafin hantsi. Maza suka zo da sungumi ba a gayyace su ba. Inna ta tsaya a bakin gona, ita ke ba da iri, ƙwaya huɗu a rami, ba biyar ba. Kusurwa ɗaya ta gonar muka shuka, inda ruwa ke kwanciya. Kowane magidanci da ya yi sara ya koma da ludayi biyu na gidansa. Kaka Maidaji bai ga kaka ba, ya rasu hatsi yana bununi. Abin da muka girbe bai kai mu wata bazarar ba, amma an samu iri, kuma Rakiya ta tashi. Gergera, wato irin hatsin da ake shukawa a unguwarmu har bana, mai saurin nuna, daga tulun nan ta fito.

A da ana tona ƙasa. Ni ma ina tonawa, har zuwa shekarar da aka sa mini abin nan a salula. Ban yanke shawarar dainawa ba. Na dai wayi gari na ga damana biyu ban sa hannu a ƙasa ba, ban ɗaga kai na dubi gawo ba.

Da aka sallame azahar a wannan Talatar na miƙe. Na ce jama’a su tsaya. Na faɗi abu uku: cewa salular ta daina karɓar labari kwana goma sha ɗaya, cewa Alhamis ɗin da nake faɗa ba ta da tushe, cewa a fasa gayyar gobe. Na ce laifin nawa ne, an aiko mini da gargaɗi ban karanta ba.

Sai wani daga baya ya ce, “Mu da munka riga munka zuba hwa?”

Nomau, wanda bai taɓa barin wata dama ta wuce bai tsokane ni ba, ya ɗauko mini takalmana ya ajiye a gabana. Da ya yi mini ba’a da ya fi mini sauƙi.

Daga masallaci gidan Rakiya na nufa. Na tarar tana ɓarar gujiya a inuwar rumbu, jikokin suna kwance a tabarma saboda zafi. Na faɗa mata kamar yadda na faɗa a masallaci. Ta ci gaba da ɓara.

“Na ji tun ɗazu, Yaya. Mata sun riga ka.”

“Kin aje na ukku?”

Ta ɗago ta dube ni.

“Na tambaye ka. Ran Lahadi, nan inda kake tsaye. Nac ce in raba ukku? Mi kac ce min?”

Na tuna. Na ce mata ba buƙata, wannan karon an gani daga sama, ta zuba duka ta cika gonar.

“Ni ban iya karatu ba,” ta ce. “Kai anka sa lakwal.”

A gidana kuwa matata Hadiza ba ta tambaye ni ba. Ta raba uku ta ɓoye nata, ban sani ba sai daga baya. Ƙanwata da ta yarda da ni ita ce ta tashi ba ko ƙwaya.

Laraba da la’asar hadari ya haɗu a gabas. Na tsaya a ƙofar gida ina roƙon Allah abu biyu, ko ya zubo da yawa ko ya wuce gaba ɗaya. Ya yi yayyafi na ɗan lokaci ya tsaya. Ƙamshin nan ya tashi. Na tafi gonar Rakiya kafin magariba na durƙusa na tona. Gaɓa biyu. Na matsa gaba na sake tonawa, na sake, har wuri shida. Gaɓa biyu.

Sauran ba sai na tsawaita ba. Tsiro ya fito ran Asabar, ya naɗe ran Talata, yau da nake rubutun nan gonakin gida bakwai sun koma yadda suke kafin a taɓa su. Na kira Isuhu da salular Mushe Idi. Ya ce shi ma bai san sun rufe ba, zai aiko da wata in ya samu mai zuwa gida. Na ce ya aiko ko kada ya aiko, ba ita ce a gabana ba.

Na ɗauki kashin da Hadiza ta ɓoye, tiya biyu, na kai wa Rakiya ɗaya. Ta auna da ido.

“Wanga ko kusurwar kwari ba ya cikawa.”

“Na sani.”

“Aje can cikin ɗaki. Kuma ran da ruwa ya zo, kai za ka tona, ina tsaye.”

Na ce to.

Gida taran da aka fasa gayyarsu sun yi alkawarin ludayi-ludayi, amma su ma nasu a ƙididdige yake. Mun duba kasuwa. Hatsin da ke wurin ƴan kasuwa yanzu na ci ne, daga kudu aka kawo shi, mai daɗewa a gona. In ka shuka shi a kan dutsenmu, damana za ta ɗauke yana ganye. Abin da muke bukata gergera ce ta Adar, wadda aka zaɓa a zangarniya aka adana don shuka. Iska ta fara juyawa jiya da yamma. Na ga tururuwa a bangon masallaci. A ganina ba mu da fiye da mako.

Saboda haka ina roƙon mai karatu abu biyu, kuma a bi su yadda na jera. Na farko, in a garinku akwai mai duba ruwa a tsohuwar salula, ka je yau ka sa a karanta ɗan layin da ke can sama, a ga ranar da labarin ya shigo, kafin wani ya ɗauki sungumi. Na biyu, in kai manomi ne a Urno, ko Tamaske, ko ko’ina tsakanin Madawa da Keita, kuma uwargidanka ta ajiye kashin da ba a taɓawa, ka roƙe ta ta ɗebo mana ko rabin tiya. A ba masu zuwa kasuwar Babankatami, a ce irin gida bakwai ne na gindin dutse, a fara da gidan Rakiya. Kada a aiko da na ci, kuma kada a bari sai ruwa ya sauka.